Masu zanen Holan da kangayen Rum: tambayoyi da amsoshi

Tun daga farkon ƙarni na 16 har zuwa farkon na 19, samari masu sana'ar zane daga Holan sun yi ta tururuwa zuwa Italiya, suna zama a gaban rusassun gine-ginen Rumawa da takarda a kan cinya. Ga amsoshin abubuwan da ɗalibai da masu sha'awar zane suka fi tambaya a kansu. Magana ɗaya za ta yi ta maimaituwa a ƙasa: takardar da aka zana a gaban kango daban take da hoton fentin da aka haɗa a ɗaki bayan an koma gida, kuma wanda bai raba su ba zai riƙa karanta su a baibai.

Su wa ake nufi, kuma a wane zamani suka yi aiki?

Sahu-sahu suka zo. A sahun farko akwai Jan van Scorel, wanda Fafaroma Adrian na VI, mutumin Utrecht, ya ɗora a kan kula da tarin gumakan Belvedere, a fadar Fafaroma, wajen 1522. Almajirinsa Maarten van Heemskerck (1498–1574) ya isa Rum a 1532, ya yi kimanin shekara huɗu yana cika littattafai da zanen gine-gine da gumaka. Hendrick Goltzius na Haarlem ya zo a 1591, amma shi gumaka suka fi ɗauke masa hankali.

Sahu na biyu su ne suka mai da kango da karkara abin zane don kansu: Cornelis van Poelenburch na Utrecht, da ya iso wajen 1617, da Bartholomeus Breenbergh (1598–1657) na Deventer, da ya iso wajen 1619 ya zauna shekara goma. Sun tarar da Paul Bril, dattijo ɗan Antwerp da ya daɗe yana zanen karkara a Rum, suka koya daga gare shi.

Sahu na uku, na shekarun 1630 da 1640, shi ya fi suna: Herman van Swanevelt, Jan Both, Jan Asselijn, Jan Baptist Weenix, sai Karel Dujardin, Adam Pynacker da Nicolaes Berchem a bayansu. Waɗannan hasken yamma mai ruwan zinariya ya fi damunsu a kan tubalin kango. Mai bincike ya lura cewa takardun Rum na lokacin ba sa raba mutumin Holan da na ƙasar da yau ake kira Beljiyam, duk 'yan Flanders ake rubuta su.

Me ya kai su Rum, kuma ta ina suke bi?

Ilimi da kasuwa. Littafin Karel van Mander na 1604, wanda masu koyon zane a Holan suka tashi da shi, ya kwaɗaita musu zuwa Rum, ya kuma gargaɗe su a kan shashancin birnin. Wanda ya dawo daga can sunansa ya ƙaru, kuma a Amsterdam hoton karkarar Italiya yakan fi na gonaki da kogunan gida tsada.

Hanya biyu ce. Ko dai a bi ta Faransa, Faris zuwa Lyon, a gangara kogin Rhône zuwa Marseille, a shiga jirgin ruwa zuwa Genoa ko Livorno. Ko a bi ta Jamus a tsallake tsaunukan Alps a faɗa Benis. Tafiya ce ta watanni, da yawa kuma sukan yada zango su yi aiki su sami guzuri. Asselijn ma a Lyon ya yi aure a hanyarsa ta komawa. Ba kowa ke komawa ba: Andries Both, ɗan'uwan Jan Both, ya nitse a magudanar ruwa a Benis, Dujardin ma a Benis ya mutu a 1678, sannan zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙaurin suna a karkarar Rum lokacin zafi.

Mece ce Bentvueghels?

Ƙungiyar masu zane ce 'yan arewacin Turai mazauna Rum, da aka kafa a farkon shekarun 1620. Poelenburch da Breenbergh na cikin waɗanda suka kafa ta. Yawancin 'yan ƙungiyar suna haya a unguwar Via Margutta da Via del Babuino, kusa da ƙofar birni ta arewa. Aikinta na gaske shi ne rufa wa juna asiri: nema wa baƙo masauki, taimakon marar lafiya, da tsayawa tare a rigimar da suka daɗe suna yi da makarantar masu zane ta San Luca, wadda ke son su biya kuɗin shekara.

Amma da shagali aka fi saninta. Sabon shiga shi ke biyan kuɗin walima, a yi masa wankan giya da ke kwaikwayon baftisma, a raɗa masa laƙabi. Asselijn, da hannunsa ya shanye, aka kira shi Ƙaramar Ƙaguwa, Swanevelt kuma Mai Khalwa. Da asuba sai su yi jerin gwano zuwa cocin Santa Costanza a wajen ganuwa, inda akwai wani akwatin gawa na jan dutse mai zanen inabi da suka ɗauka kabarin Bacchus ne, abin bautar giya na Rumawa. Ginin dai kabarin 'yar sarki Constantine ne na ƙarni na 4. Sunayen da suka rubuta a bangon suna nan har yau. Fafaroma Clement na XI ya haramta taron a 1720.

Waɗanne wurare suka fi zanawa?

Kolosiyam, katafaren filin wasan Rumawa, ke kan gaba, wanda aka buɗe a shekara ta 80 bayan haihuwar Annabi Isa. Sai dai abin da suka gani ba shi ne abin da ɗan yawon buɗe ido ke gani yau ba. Ciyawa da bishiyoyi sun lulluɓe shi, har wani likita, Domenico Panaroli, ya lissafa irin tsirrai 337 a cikinsa a 1643. Sai a farkon shekarun 1870 aka share su. Masu zanen sun fi son shiga ƙarƙashin rumfunansa masu duhu, su zana hasken da ke shigowa ta bakin baka, wato ƙofar gini mai lanƙwasasshen sama.

Tsohon dandalin birni, Forum, a lokacin kasuwar shanu ce da makiyaya, shi ya sa ake kiransa Campo Vaccino. Ƙasa ta taru a kansa mita da dama, don haka za ka ga ƙofar nasara ta Septimius Severus da ginshiƙai uku na haikalin Vespasian a binne har kusan rabi ko fiye. Ba kuskuren mai zane ba ne, haka suke.

Sai tudun Palatine da bangayen fadojin sarakuna, ɗakunan wanka na Caracalla da na Diocletian, ginin nan mai kusurwa goma da ƙubba da ake kira Minerva Medica, dalar Cestius, kabarin Cecilia Metella a kan hanyar Appia, da gadar Ponte Rotto da ambaliyar 1598 ta karya, wadda Asselijn ya yi ta maimaitawa. A wajen birni kuwa Tivoli ce, kimanin kilomita 30 gabas da Rum, inda wani zagayayyen haikali ke tsaye a bakin kwazazzabo, kogin Aniene na zubowa a ƙarƙashinsa. Joachim von Sandrart, Bajamushe mai zane, ya ba da labarin fita zane a can tare da Claude Lorrain, mai zane Bafaranshe, da Pieter van Laer.

Van Laer ɗin nan, ɗan Haarlem da Italiyawa suka yi wa laƙabi da Bamboccio, ba kangon ya dama ba, talakawan da ke zaune cikinsa ya dama: 'yan caca, masu tallan abinci, da masu toya farar ƙasa. Waɗannan matoya da dutsen mabul na tsofaffin gine-ginen ake ciyar da su, wato hotunansa suna nuna yadda ake cinye kangon da sauran ke zanawa.

Da waɗanne kaya suke aiki?

Takardar da tsumma aka yi ta da hannu, ta hanyar tsoma faifan waya a cikin dakakken tsumma. Idan aka ɗaga ta a haske ana ganin layukan wayar, masu kauri tazarar santimita 2 zuwa 3, da tambarin masana'antar da ta yi ta. An shafe ta da ruwan dalaki na fata don kada ta sha tawada. Akwai fara, akwai shuɗiya.

Don shata tsari sukan yi amfani da baƙin alli ko jan alli, duka ma'adinai ne da ake yankawa siri-siri, wani lokaci da baƙin ma'adinin da ake sa wa fensir. Alƙalami na gashin dinya ne ko na kara. Burushi na gashin dabba ne, a soke a cikin bututun gashin tsuntsu.

Tawada iri uku ce, kuma bambanta su yana da amfani. Ta farko ana yin ta da ƙullutun da ƙwaro ke haddasawa a jikin itacen oak, a jiƙa, a zuba gishirin ƙarfe da ƙaro. Baƙa take fitowa, shekaru su mai da ita ruwan ƙasa, idan kuma ƙarfen ya yi yawa sai ta ci takardar, layi ya zama tsaga. Ta biyu, bistre, da kunkunniyar hayaƙin itace ake yin ta, a tafasa, a tace, a sa ƙaro. 'Yar uwar tawadar allo ce, sai dai launinta ruwan zuma ne tun farko. Ta uku baƙar tawada ce ta hayaƙin fitila, wadda in an tsinka ta da ruwa take ba da toka-toka. Ƙaron kuwa daga bishiyoyin Sahel yake fitowa, kuma a 1633 'yan Holan sun kama tsibirin Arguin a gaɓar Muritaniya, ɗaya daga manyan kasuwanninsa.

Kowa da hannunsa. Heemskerck galibi alƙalami ne, inuwarsa da layuka siri-siri a jere. Breenbergh yakan bar farin takarda ya zama rana, ya zuba inuwa mai ƙarfi da burushi, kusan ba layi. Asselijn baƙin alli da ruwan toka-toka. A ganinmu, takardun Breenbergh na shekarun 1620 sun fi yawancin hotunan fentinsa rai.

Yaya ake zana kango a irin wannan salon, kuma ina ake yin kuskure?

A fara da lokaci. Da hantsi ko bayan la'asar ake so, don rana tsaka tana gajarta inuwa, bango ya baje ba kauri. Rana tana matsawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka cikin minti 15 na farko a shata iyakar inuwa da alli, daga nan kada a sake bin ta. Wanda ya bi inuwa tana tafiya zai ƙare da hoto mai rana biyu.

Sai a ja layin da ke daidai da tsayin ido, a hankali. Duk layin bango da ke sama da shi gangarowa yake yayin da yake nisa, na ƙasa kuma hawa yake. A auna tsawo da faɗi da alƙalami, hannu a miƙe sosai. Da zarar gwiwar hannu ta lanƙwashe awo ya ɓaci. A zana manyan jikkuna kafin ƙananan.

A dama ruwan tawada kashi uku a mazubi daban-daban, tsinkakke, matsakaici, mai kauri, a gwada kowanne a gefen takarda, don idan ya bushe yana ƙara haske. A karkata allon kaɗan, a fara da tsinkakken daga sama zuwa ƙasa, ana jan ɗigon ruwan ba tsayawa. In aka tsaya, bakin ya bushe ya bar zobe. A bari ya bushe sarai kafin a ɗora na biyu. Inda rana ta bugi bango kada burushi ya taɓa, domin farin da aka rufe ba ya dawowa. Wasu sun yi ta gyara da farin fenti na dalma, shi ne tabon baƙi ko toka-toka da ake gani a wasu tsofaffin takardu, don iska mai ƙibiritu tana baƙanta shi.

Alƙalami na ƙarshe ne: tsagar bango, ciyawar da ta fito a kai, tubali biyar ko shida a wuri guda. Mai son zana kowane tubali yana kashe hasken. Kuskuren da ya fi yawa a baka yake. In an kalle ta daga gefe ba rabin da'ira ba ce, matsattsiya ce, kuma cikin kaurinta a gefe ɗaya kaɗai ake gani. Sauran matsalolin na ruwa ne: takarda mara kauri tana tattarewa, layin bistre kuma yana narkewa in ruwa ya bi ta kansa. Abu mai duhu a gaba, dutse ko reshe, shi ke tura kangon baya ya ba da zurfi, dabarar da Bril ya yi fice da ita.

Ta yaya ake gane zanen da aka yi a wurin da wanda aka yi a ɗaki?

Na wurin yakan kasance ba a gama ba: gaban hoton wayam, kusurwa ba komai, layin gyara a fili, wani lokaci ginin ya tsallaka shafi na biyu don takardar ta kasa, ko an rubuta sunan launi a gefe. Na ɗaki yana da layin kewaye, sa hannu, makiyayi da alfadari a daidai inda ido ke so. Wannan don sayarwa aka yi shi.

Kwafi kuwa ya fi wahala, don takardun nan sun yi ta yawo daga hannu zuwa hannu a Amsterdam da Haarlem ana kwafa. Alamarsa layi mai santsi da bai taɓa yin shakka ba, da wuraren da mai kwafar bai fahimci ginin ba, baka ta sauka a kan iska. Tambarin takarda na taimakawa: alamar birnin Amsterdam, ko kan wawan sarki mai hula da ƙararrawa, suna nuna takardar kasuwar arewa ce. Amma ba hujja ce yankakkiya ba, tunda mutum na iya tafiya da takardarsa. Idan gini ya fito a juye, dama ta koma hagu, to galibi daga bugun faranti aka ɗauko shi. Ana shafa wa farantin jan ƙarfe kaki, a zana da allura, asid ya ci inda aka buɗe, a sa tawada a danna a takarda, sai hoton ya juye in ba a juya shi tun farko ba. Da irin wannan bugu Hieronymus Cock ya yaɗa kangayen Rum daga Antwerp a 1551, Breenbergh ma ya fitar da nasa ƙanana wajen 1640.

Za a iya kafa hujjar tarihi da su?

Da takardun wurin, sosai. Heemskerck ya zana Septizonium, dogon bango mai hawa-hawan ginshiƙai a gindin Palatine, wanda Fafaroma Sixtus na V ya rushe a 1588 zuwa 1589, da haikalin Minerva na dandalin Nerva da aka rushe a 1606. Ya kuma zana sabon cocin San Pietro ana tsakar gininsa kusa da ragowar tsohon, kuma masu tarihin gini har yau suna dogara da waɗannan shafuka. Ƙubbar Minerva Medica ta rufta a 1828. Ƙofar nasara ta Titus tana manne da ganuwar wani gidan yaƙi har aka ware ta a farkon shekarun 1820. Ponte Rotto tana da baka uku kafin 1887, yanzu ɗaya. A Tivoli, bayan ambaliyar 1826, an karkatar da kogin ta cikin dutse a 1835, magangarar ruwan ta bar inda suka zana ta.

Da hotunan fenti, a'a. Weenix yakan dasa ginshiƙan Rum a bakin teku kusa da jiragen fatake. Heemskerck kansa ya zana fuskarsa a gaban Kolosiyam a 1553, yana zaune a Haarlem, shekaru da yawa bayan dawowarsa. A kuma yi hattara da sunan da aka rubuta a ƙasan takarda, domin sunayen zamanin ne: Haikalin Salama shi ne zauren Maxentius, Gidan Maecenas na Tivoli kuma wurin bautar Hercules ne.

Gaskiya ne wasu ba su taɓa zuwa Italiya ba?

Gaskiya ne. Aelbert Cuyp na Dordrecht bai je ba. Hasken Jan Both ya ɗauka bayan Both ya dawo Utrecht a farkon shekarun 1640, ya zuba shi a kan shanu da kogunan Holan. Berchem, da ya fi kowa yawan hotunan Italiya, ba a sami takardar da ta tabbatar da tafiyarsa ba. Jan de Bisschop, lauya mai zane, masana da yawa na ganin hotunansa na Rum daga takardun wasu ya ɗauko su.

Me ya sa ganye ya zama shuɗi a wasu hotunan?

Shuɗi da rawaya suke haɗawa su sami kore. Rawayar daga tsirrai ake samunta, kuma haske na kashe ta, sai shuɗin ya rage shi kaɗai. A hotunan Pynacker aka fi ganin haka, misali wanda ke Dulwich a Landan. Ba a iya maido da launin.

In sun yi suna haka, me ya sa Rembrandt da Vermeer kawai ake ji?

A ƙarni na 18 attajiran Faransa da Ingila suna rububin Berchem da Both. Ƙarni na 19 ya juya musu baya, aka ce mai zanen Holan na gaskiya shi ne wanda ya zana ƙasarsa, waɗannan kuwa 'yan aro ne. John Constable, mai zanen Ingila, ya caccake su a laccocinsa na 1836, har aka ruwaito ya shawarci wani mai hotunan Berchem ya ƙona su maimakon ya sayar. Baje kolin da Albert Blankert ya shirya a Utrecht a 1965 shi ya fara dawo da su. Sukar tana da ɗan ƙamshin gaskiya a kan mabiyan Berchem, waɗanda suka yi ta maimaita makiyayiya da jaki a bakin rafi, amma ba ta shafi takardun da aka zana a wurin ba.

Ina al'adar ta ƙare?

Caspar van Wittel na Amersfoort ya isa Rum wajen 1675, ya fara da yi wa injiniya Cornelis Meijer zanen kogin Tiber don wani shirin buɗe shi ga jiragen ruwa. Daga nan ya koma zanen birnin yadda yake, da awo. Yakan raba babbar takarda gida-gida da layuka masu lamba, don ya iya maimaita hoto ɗaya a kowane girma. Hanyarsa mai zane Canaletto ya bi a Benis, ɗan van Wittel kuma, Luigi Vanvitelli, shi ya tsara fadar Caserta. Hendrik Voogd ya zo a 1788 ya zauna har mutuwarsa a 1839. Sarkin Holan Louis Napoleon ya tura ɗalibai da kuɗin gwamnati, cikinsu akwai Abraham Teerlink da Josephus Augustus Knip, wanda ya yi aiki a Rum daga 1809 zuwa 1812.

A ina ake ganinsu, kuma yaya ake adana su?

Gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya sa hotunan tarinsa a intanet kyauta, ana iya zuƙo su har a ga layin alli a ƙarƙashin tawada. Littattafan Heemskerck suna Kupferstichkabinett a Berlin, zanen Goltzius na gumakan Rum suna Teylers a Haarlem, manyan hotunan da Both da Swanevelt suka yi wa sarkin Sifen Philip na IV suna Prado a Madrid. Akwai kuma tarin Frits Lugt a Fondation Custodia ta Faris. Lugt ɗin ne ya fitar da kundin hatiman masu tara zane a 1921, kuma da lambobinsa ake bin sawun ƙananan hatiman da ke kusurwar takarda a san hannuwan da ta ratsa.

Kada mai ziyara ya sa ran ganin takardun a bango. Haske na cin su, don haka ba a cika baje su fiye da wata uku ba, a hasken da bai wuce lux 50 a ma'aunin haske ba, sannan a mai da su akwati. Mai son gani sai ya nemi izinin ɗakin nazari tun kafin ya zo, kuma fensir kaɗai ake shiga da shi. Danshin ɗakin ajiya ana riƙe shi wajen kashi 50 cikin 100. In ya haura 65 fumfuna da jajayen ɗigo suna fitowa, tawadar ƙarfe kuma ta ƙara saurin cin takardar. Kwalin da ake ɗora zanen a kai dole ya zama mara asid, a maƙala shi da siririyar takardar Japan da kokon alkama a gefen sama kawai, ba da salatif ko gam ba.